Sauyin Yanayi da Lafiyarku: Ma'anar Kalmomin da Iskokin da Ke Ɗumama Duniya

Duk mai sauraren rediyo ko duba labarai a waya ya saba jin kalmomi irin su sauyin yanayi, ɗumamar duniya, iskar kabon da taron COP. Mutane da yawa kan ɗauka magana ce ta masana da shugabannin ƙasashe, wadda ba ta shafi talaka ba. A asibiti kuwa abin yana da wata fuska. Dattijo mai hawan jini da aka kawo a galabaice cikin zafin Afrilu, yaron da gudawa ta kama bayan ambaliya ta shiga rijiya, da mai sikila da ƙishirwa ta tayar wa ciwo, duk yanayi yana da hannu a halin da suka shiga.

Wannan bayani zai warware muku ma'anar kalmomin, ya gabatar muku da iskokin da ke ɗumama duniya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna ta inda lamarin ke taɓa jikinku da abin da za ku iya yi a gida.

Yanayin yau daban, yanayin yanki daban

A Hausa kalma ɗaya ce, yanayi, ke ɗauke da ma'ana biyu, kuma raba su shi ne matakin farko.

Ta farko ita ce yanayin gari na yau ko na wannan mako: an tashi da hazo, an yi ruwa jiya, rana ta yi zafi. Wannan yana juyawa cikin awoyi.

Ta biyu ita ce yanayin yanki, wato abin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru. Kowa ya san Jos ta fi Sakkwato sanyi, kuma daminar Kaduna ta fi ta Agadas tsawo. Masana kan tattara ma'aunin aƙalla shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri.

Ku kwatanta da awon jini. Idan aka auna ku sau ɗaya aka ga ya hau, likita ba zai ce kuna da hawan jini ba, domin wataƙila kun sha tafiya ko hankalinku a tashe yake. Sai an auna sau da yawa a ranaku daban-daban an ga yana sama. Haka rana ɗaya mai zafi ba ta tabbatar da komai, hunturu ɗaya mai tsananin sanyi kuma ba ya ƙaryata komai. Ana duba inda ma'aunin shekaru masu yawa ya nufa ne.

Ɗumamar duniya na nufin ƙaruwar matsakaicin zafin duniya baki ɗaya. Sauyin yanayi ya fi faɗi: ya haɗa ɗumamar da duk abin da ta jawo, kamar rikicewar lokacin damina, ruwa mai ƙarfi a lokaci guda, fari, da hauhawar ruwan teku.

Yadda duniya ke riƙe zafi

Hasken rana yana ratsa iska ya sauka a ƙasa da ruwa ya ɗumama su. Ƙasar da ta ɗauki zafi tana mayar da shi sama a matsayin wani zafi da ido ba ya gani, irin wanda kuke ji yana fitowa daga bangon siminti bayan magariba. Mafi yawan iskar da ke kewaye da mu ba ta tare wannan zafi. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin da muke shaƙa, kuma dukansu suna barin zafin ya wuce. Amma akwai wasu 'yan iskoki kaɗan da ke kama shi su mayar da wani sashe ƙasa. Su ake kira iskoki masu riƙe zafi. Turawa sun raɗa musu suna daga gidan gilashin da ake rainon shuka a ƙasashe masu sanyi, amma kwatancin da ya fi kusa da mu shi ne bargo.

Kun riga kun san aikin wannan bargo. Cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe, gari kan yi zafi da rana amma da dare sanyi ya sauko, domin babu danshin da zai tare zafin ƙasa. Gab da faɗuwar damina kuwa, iska ta cika da danshi, sai a kwana ana gumi. Tururin ruwan da ke cikin iska ne ya riƙe zafin.

Bargon kansa alheri ne. Da babu shi, matsakaicin zafin duniya zai kasance wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, maimakon digiri 15 da ake da shi. Matsalar ita ce muna ƙara masa kauri.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1856 wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta nuna cewa kwalbar da aka cika da iskar kabon ta fi sauran ɗaukar zafi a rana. A 1859 John Tyndall ya auna yadda iskoki ke kama zafi a ɗakin gwajinsa a Landan. A 1896 kuma Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya lissafa yadda ƙaruwar iskar kabon za ta ɗaga zafin duniya.

Manyan iskoki masu riƙe zafi

*Kabon-dayoksaid.* Ita ake nufi idan aka ce iskar kabon, kuma ita ce babbar mai laifi. Tana fitowa duk lokacin da aka ƙona kwal, man fetur, dizal, kananzir ko gas, haka nan wajen yin siminti da kuma sare daji ana ƙonawa. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iska, kashi 280 ne nata. Da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958, ta kai wajen 315. Yanzu ta haura 420. Teku da tsirrai suna shanye kusan rabin abin da ake fitarwa, sauran kuma ya tsaya a sama, wani sashensa har ɗaruruwan shekaru. Ke nan hayaƙin da masana'antun Turai suka fitar tun zamanin kakanni yana cikin abin da ke ɗumama mu yau.

Wani zai ce ai mu ma ita muke fitarwa da numfashi. Haka ne, amma numfashinku ba ya ƙara ta. Kabon ɗin da kuke fitarwa daga abinci ya zo, shi kuma abincin daga shukar da ta zuƙe shi daga iska bara ko bana. Zagaye ne kawai. Wanda ke ƙaruwa shi ne wanda ya yi miliyoyin shekaru binne a ƙarƙashin ƙasa aka tono aka ƙona.

*Metan.* Ita ce mafi yawan abin da ke cikin iskar gas da ake haƙowa. Tana fitowa daga gyatsar dabbobi masu tuƙa irin shanu, tumaki da awaki, daga gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a ciki, daga juji da bolar da ke ruɓewa, da kuma yoyon rijiyoyin mai da bututun gas. Ba ta daɗewa sosai, wajen shekara 12 take yi, amma tana da ƙarfi: cikin shekara 20 tana riƙe zafi kusan ninki 80 na abin da iskar kabon mai nauyi ɗaya da ita za ta riƙe. Yawanta a sama ya fi ninki biyu na yadda yake kafin zamanin masana'antu.

*Naitiros-oksaid.* Mafi yawan wadda ayyukan ɗan Adam ke jawowa daga gona take fitowa, idan an zuba takin zamani fiye da abin da shuka za ta iya ci, sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su juya ragowar. Tana yin sama da shekara 100 a sama, ƙarfinta kuma ya ninka na iskar kabon kusan sau 270. Ita ce dai iskar da wasu asibitoci ke ba majinyaci ya shaƙa don rage zafin ciwo, sai dai abin da asibitoci ke amfani da shi kaɗan ne idan aka kwatanta da na noma.

*Iskokin sanyaya kaya.* Waɗannan ɗan Adam ne ya ƙirƙire su, ana zuba su a firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ba su da yawa, amma wasunsu sun fi iskar kabon ƙarfi sau dubbai. Akwai ɗan kaɗan daga cikinsu a abin fesa maganin asma. Kada wannan ya sa mai asma ya ajiye maganinsa. Numfashinku ne a gaba.

*Tururin ruwa.* Shi ya fi kowace yawa, amma ba mu ke ƙara shi kai tsaye ba. Idan iska ta ɗumama da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Ƙarin tururin yana ƙara riƙe zafi, kuma idan hadari ya haɗu sai ruwan ya zuba da yawa a lokaci guda.

Abubuwa uku da ake yawan rikitawa

Na farko, kabon-dayoksaid daban, kabon-monoksaid daban. Sunayen sun yi kama, amma ta biyun guba ce da ke kisa cikin dare ɗaya. Tana fitowa daga janareta, kaskon gawayi da injin mota, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa ga mutane da dama a ɗaki ɗaya. Kada a kunna janareta a ɗaki, a shago rufe ko a bakin taga, kuma kada a kwana da kaskon wuta a ɗakin da aka rufe. Idan kun yi zargin ta, ku fitar da kowa waje nan take ku tafi asibiti.

Na biyu, hujin ozon ba shi ne ɗumamar duniya ba. Ozon wani shimfiɗi ne can sama da ke tare hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Wasu tsofaffin iskokin firji ne suka cinye shi, aka hana amfani da su ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma yana farfaɗowa a hankali.

Na uku, hayaƙin da kuke gani ba shi ne iskar kabon ba, domin ita ba a ganinta. Baƙin hayaƙin murhu ko salansar mota ƙananan ɓurɓushi ne da ke shiga har cikin huhu. Amma wuta ɗaya ce ke fitar da su biyun, shi ya sa duk abin da ya rage ɗaya yakan rage ɗayan.

Me ya sa ake ta maganar digiri 1.5?

Ana kwatanta zafin yanzu da na shekarun 1850 zuwa 1900. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya ce tsakanin 2011 da 2020 duniya ta ƙara zafi da digiri 1.1, kuma ayyukan ɗan Adam ne sanadi. Shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da aka auna kafin ta, da ƙarin wajen digiri 1.5. A Yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince a tsayar da ƙarin ƙasa sosai da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ya wuce 1.5 a matsakaicin shekaru masu yawa.

Ga mutumin da ya saba da digiri 42 a bazara, digiri ɗaya da rabi kamar wasa ne. Amma ku tuna jikinku. Zafinsa na lafiya wajen digiri 37 ne. Idan ya kai 38.5, zazzaɓi ne, an kwanta. Haka kuma wannan adadi matsakaici ne na duniya duka, har da teku. Tudu ya fi teku saurin ɗumama, kuma ɗan motsi a matsakaici yana nufin ranakun tsananin zafi sun ƙaru, darare kuma ba sa hucewa.

Sauran kalmomin da za ku ji

*Makamashin ƙarƙashin ƙasa:* kwal, ɗanyen mai da iskar gas. *Makamashi mai sabuntuwa:* wanda ba ya ƙarewa, kamar hasken rana, iska da ruwan madatsa.

*Rumbun kabon:* duk abin da ke zuƙe iskar kabon ya adana, kamar daji, ƙasar noma mai taki da teku.

*Sawun kabon:* jimillar iskokin da mutum, kamfani ko ƙasa ke fitarwa. Nahiyar Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga makamashi ba, alhali tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗa.

*Rage fitarwa:* matakan hana iskokin ƙaruwa, kamar sola a madadin janareta, ko daina ƙona gas a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta.

*Daidaita rayuwa:* shirin zama da sauyin da ya riga ya zo, kamar irin shuka mai saurin nuna, yashe magudanan ruwa da dasa itatuwan inuwa. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, manoma sun riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna girma a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har aka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5. Wannan ya haɗa biyun: rumbun kabon ne, kuma kariya ce ga gona.

*Fitarwa daidai da shanyewa:* matsayin da abin da ƙasa ke fitarwa bai wuce abin da take zuƙewa ba. Najeriya ta yi alƙawarin kaiwa nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a 2021.

*COP:* taron shekara-shekara na ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar sauyin yanayi ta 1992. A na 2022 da aka yi a Masar aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara.

Ta ina abin ke shiga jiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai jawo ƙarin mutuwar mutum wajen 250,000 kowace shekara ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Ƙofofin shigarsa huɗu ne.

*Zafi.* Jiki yana huce kansa ta hanyar gumi da kuma tura jini zuwa fata. Wannan aiki ne ga zuciya, kuma yana cin ruwa da gishirin jiki. Idan iska tana da danshi, gumin ba ya bushewa, don haka ba ya sanyaya jiki. Shi ya sa digiri 38 mai danshi zai iya fin digiri 42 busasshe wahalarwa. Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A aikin Hajjin wannan shekarar kuma sama da mutum 1,300 suka rasu a lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka. Bushewar jiki a kai a kai tana wahalar da ƙoda, tana kawo tsakuwar ƙoda, tana tayar da ciwon sikila. Ga mai juna biyu, tsananin zafi yana ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci.

*Ruwa.* Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Daga baya ruwa ya ɗan dawo yankin Sahel, amma da wata ɗabi'a: ya yi jinkiri, ya ɗauke a tsakiya, ko ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, a daminar da Nijar ma ta rasa sama da mutum 300. Ba sauyin yanayi kaɗai ke jawo irin wannan ba. Toshewar magudanai, gini a hanyar ruwa da rashin gyaran madatsai suna da nasu kason, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan ambaliya, ruwan masai yana haɗuwa da na sha, sai kwalara da taifot su biyo baya. Kududdufai kuma su zama gidan sauro.

*Abinci.* Idan damina ta rikice, amfanin gona ya ragu, farashi ya tashi, yara ƙanana da masu shayarwa ne ke fara ramewa. Yaron da ke da tamowa kuma kowace cuta tana fin ƙarfinsa. Gyaɗa da masarar da fari ya buga, ko aka adana da danshi, suna yin fumfuna mai gubar da ke lalata hanta.

*Iska.* Ƙura da bushewar iska suna tayar da asma, suna kuma raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Wannan na cikin dalilan da ke sa sanƙarau ya fi yaɗuwa daga hunturu zuwa bazara a yankinmu. A cikin gida kuwa, hayaƙin girki da itace, gawayi ko kara yana jawo ciwon huhu ga yara da ciwon ƙirji mai daɗewa ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida.

Su wa ya kamata a fi sa wa ido?

Jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu juna biyu, masu ciwon zuciya, hawan jini, suga, ƙoda, asma ko sikila, masu taɓin hankali, da masu aiki a rana kamar manoma, leburori, 'yan acaɓa, 'yan garuwa da masu talla.

Abin da za ku yi lokacin zafi

- Ku sha ruwa a kai a kai, kada ku jira ƙishirwa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka a riƙa miƙa masa.
- Idan likita ya ƙayyade muku ruwan sha saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ku koma ku tambaye shi adadin da ya dace da bazara. Kada ku ƙara da kanku.
- Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi. A ƙara yawan shayarwa, kada a ba shi ruwa. Uwar ce za ta ƙara sha.
- Ku mayar da aikin ƙarfi zuwa safiya ko yamma, ku huta a inuwa daga hantsi zuwa la'asar gwargwadon hali.
- Idan zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka kaɗai iska mai zafi take hurawa. Ku jiƙa jiki ko mayafi tukuna.
- Kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti kaɗan ne.
- Idan za ku kwana a tsakar gida, ku ɗaura gidan sauro.
- Magungunan da ke sa yawan fitsari da wasu na hawan jini da na taɓin hankali suna ƙara haɗarin zafi. Kada ku daina sha, amma ku tattauna da likita tun kafin bazara, haka nan kafin azumi ko tafiya aikin Hajji.
- Zafi yana lalata magani, musamman allurar insulin. Ku ajiye ta a firji ba a wurin ƙanƙara ba. Idan babu wuta, ku sa ta a roba mai murfi ku ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Alamun galabaita su ne gumi mai yawa, jiri, ciwon kai, murɗawar tsoka da kasala. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da suga. Amma idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya fara sambatu, ya rikice, ya suma ko ya yi jijjiga, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita, a garzaya asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Lokacin damina da bayan ambaliya

- Ku saurari hasashen da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ko takwararta ta Nijar ke fitarwa, ku ɗauki gargaɗin tashi da muhimmanci.
- Ku haɗa magungunanku, katin asibiti da katin rigakafin yara a leda ɗaya da ruwa ba ya shiga, a wurin da hannu zai kai da sauri.
- Ku tafasa ruwan sha ko ku sa masa sinadarin kulorin, ku wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci.
- Ku tanadi ƙunshin gishiri da suga na kemis. Idan babu, a lita 1 ta tsaftataccen ruwa a zuba suga cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. Yaro mai gudawa yana buƙatar ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa ta asibiti ce nan take.
- Ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, ku kuma cika kwanakinsa.
- Ku hana yara wasa a ruwan ambaliya.

Lokacin ƙura kuma, mai asma ya riƙe abin fesawarsa a kusa, ya rufe hanci da baki idan zai fita. Zazzaɓi mai haɗe da sanƙarewar wuya ko ciwon kai mai tsanani ba na jira ba ne. Idan an zo rigakafin sanƙarau, ku kai yara.

Abin da ke hannunku

Ba murhun gidanku ne ya ɗumama duniya ba, kuma babban aikin rage iskokin nan yana wuyan manyan ƙasashe da kamfanoni. Amma akwai matakan da ribarsu ta farko a jikinku za ta bayyana. Girki a fili ko a madafa mai taga, da murhu mai cin itace kaɗan ko gas idan da hali, yana kare huhun uwa da na goyon da ke bayanta. Fitilar sola ta fi ta kananzir lafiya. Daina ƙona leda da taya a unguwa yana sauƙaƙa wa masu asma. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a ƙofar gida, silin a ƙarƙashin rufin kwano da farin fenti a samansa suna rage zafin ɗaki. Yashe kwata kafin ruwan farko yana rage ambaliya da sauro a lokaci ɗaya.

Idan akwai mai ciwo mai daɗewa a gidanku, ku sa wannan cikin tambayoyin zuwanku asibiti na gaba: yaya zan yi da magunguna da ruwan sha idan zafi ya tsananta, kuma wace alama ce za ta sa in dawo da gaggawa? Ku yi tambayar tun ana sanyi, kafin bazara ta kama.